Kalmar da Na Rubuta wa Baba Noma

Tun da na dawo daga gida, duk wanda ya tare ni a ofis ko a masallacin unguwarmu nan Kaduna sai ya tambaye ni labarin ruwan Kainji. Wai da gaske ba a hango ƙetarensa? Wai da gaske an gina wa mutanen ƙauye ɗakunan siminti? Nakan ce e, in wuce. Amma amsar ta fi tambayar damuna, domin ba ƙarya ba ce, ba kuma ita ce gaskiyar ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta tafiyar daki-daki. Inda ban tabbata ba, zan ce ban tabbata ba.

Sai na fara da abin da ya kai ni.

Daminar da na gama jami'a, kafin a toshe gulbin Kwara, na yi aikin wucin gadi a wani ofis a garinmu Yelwa. Aikin shi ne mu bi gungaye, wato tsibiran da ke tsakiyar gulbi, mu rubuta abin da kowane magidanci ya mallaka, don a ba shi madadinsa a tudu. Takardar da Turanci take. Akwai layin gida, layin itatuwa, sai layuka biyu a jere: farm da garden.

A wani gungu da ke kudu da Yelwa, wajen ƙasar Ngaski, na haɗu da Baba Noma. Shi ne dattijon da ke raba wa mutanensa wurin shuka albasa kowace shekara. Lokacin ruwa ya cika maƙil. Ya sa aka tuƙa mu a kwalekwale zuwa gefen gungun, ya nuna ruwa da sandarsa.

"Rubuta, ɗan Yelwa. Ga gonata nan."

Na ce, "Baba, ruwa nake gani."

"Awo. Yanzu gulbi ka nomanta. In ya gama nashi, mu karɓa."

Ya yi min bayani. In ruwan damina ya janye, yakan bar laka baƙa, kuma ba a wuri ɗaya yake barinta ba kowace shekara. Sai shi Baba Noma ya shiga lakar da sanda, ya zuba wa gulbi abin da suke zuba masa bisa al'adarsu, ya raba wa kowane gida. Babu iyaka, babu dutse, babu shinge. Da ƙwarya suke ɗibar ruwa suna watsa wa albasar har ta ƙosa. Geronsu na ci ne kawai. Albasa ce aure, ita ce sutura, ita ce haraji. Iri kuwa, wani ƙaramin abu baƙi kamar gawayin da aka daka, kowane gida yana ajiye nasa a gora da toka. Ya ce na gidansu tun kakan kakansa ba a taɓa sake shi ba. Ya kuma ce abin da ban riƙe da muhimmanci ba sai daga baya: irin albasa ba ya jira. In ya wuce shekara ba a shuka ba sai ya fara mutuwa a cikin gorar.

Da la'asar na zauna gindin rimin gungun na buɗe ƙamus ɗina, domin ban san layin da zan sa wannan gona ba. In ƙamus ɗin bai yaudare ni ba, Ingilishi ya ari garden ne daga bakin mutanen arewacin Faransa, su kuma sun samo ta daga wata tsohuwar kalma ta kakannin Jamusawa mai nufin wurin da aka killace. 'Yar'uwarta ce yard, wadda muke cewa yadi, kamar yadin jirgin ƙasa. Ke nan tushen kalmar shinge ne, ba shuka ba. Mu ma mun are ta muna cewa gadina. A jami'a na ga yadda masu kalmar ke amfani da ita: ɗan fili a bayan gidan malami Bature, da furanni da ciyawar da ake aske wa kai, wurin shan shayi. Na san kuma suna kiran lambun sayarwa da ita in sun haɗa ta da kalmar kasuwa, amma takardarmu ba ta da wannan layin.

Na yi ta juya abin. Ba shinge, saboda haka ta asali ba garden ba ce. Amma kayan miya ne, ana ba shi ruwa da hannu, kuma tun muna firamare aka koya mana lambu shi ne garden, gona ita ce farm. Ƙarshe na rubuta garden da fensir ga gidajen gungun duka, na sa alamar tambaya, da niyyar in tambaya a ofis. Da na koma, babban akawu Malam Bawa ya bi rubutuna da tawada, bai bi alamar tambayar ba. Ina tsaye ina kallo. Ya girme ni nesa, kuma ina tsoron a ce ɗan jami'a ya zo yana gyara wa manya aiki. Na bar shi a haka.

Shekara biyu da wani abu bayan haka, wasiƙar Inna ta same ni a Kaduna. A ƙarshenta, bayan gaisuwa da labarin wanda ya rasu da wadda ta haihu, mai rubuta mata ya ƙara layi ɗaya: wani tsoho daga gungu ya zo har sau biyu yana neman malamin da ya rubuta su. Na nemi hutun mako guda. Na ɗauki ƙamus ɗin, da zanen gungun da na yi da hannuna a wancan lokaci, wanda na nuna inda lakar ke kwanciya.

Motar katako na shiga, gidan gaba, tsakanin direba da wata hajiya mai fataucin goro. A iyakar sabuwar jiha muka tarar da shingen soja, domin yaƙin basasa bai ƙare ba. Aka sauke mu, kowa ya buɗe kayansa. Wani kofur ya zaro zanen daga cikin ƙamus.

"Wannan fa?"

"Zanen wani gungu ne, ranka ya daɗe."

"Yana ina?"

Da na ce ƙauyenmu ne, da an wuce wurin. Amma ni ba na iya faɗin abu in ban cika shi ba. Na ce, "Kusa da Kainji, amma yanzu yana ƙarƙashin ruwa."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ana yaƙi, kai kana yawo da taswirar dam?"

Hajiya ta sa baki. "Haba ɗana, dube shi fa. Ɗan boko ne, wannan ko kiyashi ya taka sai ya ba shi haƙuri."

Aka yi dariya, har kofur ɗin. Ya ninke zanen ya sa a aljihu, ya auna ƙamus a tafin hannunsa, ya miƙo min. "Ɗauki dutsenka." Ban roƙe shi zanen ba. Har yau ban sani ba ko da na roƙa zai ba ni.

A Kontagora mota ta ƙi tashi, muka kwana a rumfar tasha, kuɗin cizo suka yi bikinsu a jikina. Washegari da azahar muka shiga Yelwa. Garin ya ja da baya daga bakin ruwa, inda muke wanka muna yara ya zama tsakiyar ruwa. Inna ta dube ni ta ce, "Garba, gwamnatin ba ta ba ku abinci?" Ta yi min tuwon shinkafa da miyar kifi, tana yanka albasa tana mita. "Dubi wagga. Ko hawaye ba ta sa mutum. Ta gungu ta ɓace daga kasuwa, sai ta arewa." Na ci, na wanke hannu.

Da safe na je tsohon ofishinmu. Malam Bawa yana nan, ya karɓe ni da fara'a, har ya aika a sayo min goro. Na ce ina ganin, wataƙila, akwai kuskure a takardun wani gungu, kuma kuskuren nawa ne.

"An rufe fayil, Malam Garba. An raba wuri, an gina, an tashi."

"Ko da shaida?"

"In da taswira mai nuna gonar, sai a rubuta sama, a jira."

"Soja ya karɓe ta shekaranjiya."

Ya buɗe hannuwa. "To ka gani. Gonar tana ƙarƙashin ruwa, taswirar tana aljihun soja. Ni mi zan rubuta?" Ba da mugunta ya faɗa ba, ina ganin ya ma ji tausayina.

A bakin ruwa na sami Mamman, mutumin Sarkawa masunta, wanda ya tuƙa ni wancan karon. Yanzu ya sa wa jirginsa inji. Yana ganina ya ɗaga murya, "A'a, Malam Akawu! Yau wa za ka rubuta? Kifi kaɗai sunka saura!"

Ga masu tambaya, e, akwai inda ba a hango ƙetare. Amma abin da na fi gani shi ne kawunan itatuwa matattu, tsaye cikin ruwa kamar mutane sun ɗaga hannu. Mamman ya ce su ke yaga masu koma, wato ragar kamun kifi. Ya ce kuma wannan ruwan ba gulbi ba ne, bai san halinsa ba: gulbi gaba yake tafiya, wannan kuwa in iska ta taso tashi yake tsaye. Jiragensu na gulbi ne, marasa zurfi, kuma ya lissafa min mutanen da ya sani da ruwan ya kife da su. Bai gama ba iskar ta ɗan motsa, na amayar da kokon da Inna ta dama min. Ya ce, "Madalla, ka yi wa kifi sadaka."

Can ya kashe inji. Wani reshe fari ya leƙo daga ruwa, tsuntsu a kansa. Ya ce rimin gungun Baba Noma ke nan, wanda na zauna a gindinsa. Ya yi sallama a hankali, ga mamatan gungun da ke kwance a ƙasa. Ni ma na yi, ko da yake ban san ko ya dace ba, tunda yawancinsu ba sallah suke yi ba.

Da muka doshi gaɓar gabas, sai na hango kore shar a bakin wani rafi da ke zuba cikin ruwan. Fangalai ne na yayyafin albasa, mutane sun sunkuya da ƙore. Zuciyata ta yi sanyi. Na ce, "Su ne?"

"Ina! Waɗanga mutanen gungun da ke maƙwabtaka da su ne. Su anka ba bakin rafi, don takardarsu ta ce manoman bakin ruwa ne." Ya tofar da yawu cikin ruwa. "Akawunsu Audu ne, ka san shi, wanda ya tsaya aji huɗu. Shi komi ya gani a ƙasa gona ne. Bai yi jami'a ba, ka gane."

Ya yi dariya, sannan ya ga fuskata, ya daina.

Daga inda ya sauke ni, tafiyar sa'a ɗaya da rabi ce a ƙafa, hawa ake yi. Sabon ƙauyen yana kan tudu mai tsakuwa. Ɗakuna a jere kamar barikin 'yan sanda, rufinsu kamar an kifa rabin tukunya. A ɗaya aka sauke ni, kuma da rana ba ya shiguwa don zafi. Da yawa sun kafa bukkoki a gefe suna kwana, sun bar wa awaki da hatsi siminti. Rijiya ɗaya ce, tun daga nesa na jiyo mata suna cacar baki a kanta.

Mu a Yelwa ruwa ake fara ba baƙo. A gungu, na tuna, ba sa yi, har na ɗauka rowa ce, sai Mamman ya ce wanda gulbi ke ƙofar ɗakinsa ba ya ɗaukar ruwa kyauta, kifi da albasa ake tarbar baƙo da su. Wannan karon matar Baba Noma, Inna Kulu, ta kawo min ruwa rabin moɗa, ta durƙusa, ta tsaya har na sha ta karɓi sauran. Tuwon dawa aka kawo da miyar kuka. Ko gabu babu a ciki, busasshen ganyen albasar nan da a da suke ba baƙo kyauta cike da kwando.

Baba Noma ya rame, amma sandarsa ita ce dai. Bai yi min ƙorafi ba. Ya tambayi lafiyar Innata, ya tambayi hanya, sannan ya ce in zo in gani. A bayan ɗakinsa akwai wani fili murabba'i, taku goma ba zai kai ba, an kewaye shi da waya da turakun ƙarfe, har da 'yar ƙofa. Kowane gida yana da irinsa. Aikin ya yi kyau, turakun a miƙe suke. Ciki jar tsakuwa ce.

Ya ce bara sun gwada. Ya zuba rabin gorarsa a nan, mata suka yi ta jido daga rijiya har rijiyar ta ja baya, aka fara faɗa tsakanin masu sha da masu ban ruwa. Yayyafin ya fito, ya kai tsawon ɗan yatsa, ya ƙone. Sun je wurin mutanen rafi, 'yan'uwansu ne, amma wurin ko su bai ishe su ba. Gaɓar da ke kusa da su kuwa dutse ce, kuma ruwan nan ya juya: lokacin da gulbi ke janyewa ya bar laka, lokacin shi yake cika.

"Saura rabin gora," ya ce. "Ga lokacin yayyafi ya zo. In ya wuce bana, shi ke nan. Shi ya sa na neme ka. An ce muna abin da anka rubuta shi anka ba mu. To hannun da ya rubuta shi ka gogewa."

Na shirya maganganu da yawa a hanya. Cewa takardar ce ba ta da layin da ya dace. Cewa na sa alamar tambaya. Cewa ko da na rubuta ɗaya kalmar, ba lalle bakin rafin ya ishi gungu biyu ba, kuma wannan wataƙila gaskiya ne. Ban faɗi ko ɗaya ba. Na ce, "Baba, na je ofis. Ba ta goguwa."

Ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya ce, "Mi ka rubuta?"

Na faɗa masa kalmar. Ya maimaita ta sau biyu, a hankali, kamar mai ɗanɗana magani.

"Mi take nufi ga masu ita?"

Ƙamus yana cikin jakata, amma ban buɗe ba, na haddace wurin. Na ce yanzu suna nufin ɗan wurin shuka a bayan gida, na furanni ko kayan miya. Amma can asali, wurin kakanninsu, ma'anarta wurin da aka yi wa shinge.

Ya kama turken ƙarfe ya girgiza, bai motsa ba.

"To ba su yi ƙarya ba," ya ce. "Shinge ka roƙa muna, shinge sunka kawo."

Ya kira Inna Kulu ya ce ta ɗauko tsumman. Ashe suna da yadda suke gwada iri kafin yayyafi: a ɗebi cikin tafi, a ƙunshe a jiƙaƙƙen tsumma, a sa ƙarƙashin randa inda sanyi yake, a buɗe bayan kwana tara. Ran nan kwana tara ke nan. Ta kawo, ta tsuguna, shi ya warware da kansa. Irin ya kumbura, wani ya yi furfura. Ya baza shi da ɗan yatsa yana nema. Guda biyu ne suka fitar da farin wutsiya.

"Bara duka sunka tashi," in ji Inna Kulu. "Kamar gashin jariri."

Ya tsince biyun a hankali, ya kai gindin randa inda ruwa ke ɗiga, ya tona da farce ya binne. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da gorar, baƙa, ta sha hannu har tana ƙyalli. Ya zuba kaɗan a wani ƙyalle ya ɗaure wa kansa, ya miƙo min sauran.

Na ce, "Baba, ni ban taɓa noma ba."

"Na sani, hannunka ya faɗa. Amma an ce ku can birni ruwa cikin ƙarfe yake zuwa, ba ya ƙarewa. Kai shi inda ruwa yake. In ya tashi, ko ba a gidana ba, ya tashi."

Da safe ya raka ni har bakin ƙauye. Ban iya ce masa ya yafe min ba, domin ina tsoron ya ce ya yafe, in kuma ji sauƙi.

Dawowa ba abin faɗi. Mamman bai yi min ba'a ba ko sau ɗaya. A Yelwa na raba irin biyu, na kai rabi wurin wani mai lambu a bakin ruwa, abokin mahaifina, ya murza shi a tafi ya shinshina ya ce zai gwada don darajar mahaifina, amma kada in sa rai. A shingen soja wani kofur ne daban. Ya girgiza gorar a kunnensa ya ce mene ne, na ce irin albasa. Wannan karon ban ƙara komai ba.

Shekaranjiya saƙon mai lambu ya zo ta hannun direba: ya yayyafa fangali guda, bai ga komai ba.

Sauran yana nan wurina. Ba ni da randa, saboda haka na ƙunshe cikin tafi a tsohuwar singiletina na ajiye ƙarƙashin famfon tsakar gidan da nake haya, inda yake ɗiga. Maƙwabtana sun ɗauka magani ne, ba sa taɓawa. Na buɗe ran kwana tara, ban ga fari ba. Na ce wataƙila ruwan famfo ya fi na randa sanyi, ko kuma ban iya dubawa ba ne, na mayar.

Yau kwana goma sha huɗu. Kafin in tafi ofis da safen nan na sake jiƙa shi.